Ɗan ƙanena ya buge tsohuwa da babur, an samu tramol a aljihunsa: ina mafita?

Gwaggon Yara:
Assalamu alaikum ƴan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san shari'ar ƙasarmu Nijar, don kaina ya ɗaure. Ɗan ƙanena ne, shekararsa 17. Ranar Asabar da ta wuce ya ɗauki babur ɗin babansa ya tafi rakiyar amarya. Kun dai san yadda yaran nan suke yi in an ɗauko amarya, a cika titi, wannan ya ɗaga ƙafar gaba, wancan ya miƙe tsaye bisa sirdi. A kwanar shiga unguwarmu ya kwashi wata tsohuwa mai saida ƙuli-ƙuli, ƙafarta ta karye a cinya. Shi goshi kawai ya fashe. Da ƴan sanda suka zo suka laluba aljihunsa, sai ga katin tramol, an ɓalle uku saura bakwai. Ba shi da parmi, wato lasin tuƙi, asiransin babur ɗin kuma, wato inshora, ya ƙare tun kafin azumi.

Mun je likita mun duba tsohuwar, mun biya kuɗin hoto da magani. Ƴaƴanta mutanen kirki ne, babbansu ya ce wallahi sun yafe, ƙaddara ce, har ya bi mu kwamisariya ya faɗa da bakinsa. Amma aka ce mana magana ta wuce gaban mai shigar da ƙara. Abin da ban gane ba ke nan: mai haƙƙi ya yafe, yaro bai kai 18 ba, to me ya rage? Uwarsa kwana uku ke nan ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa.

Ɗan Garin Malam:
Allah ya kyauta, ya ba tsohuwa lafiya. Gwaggo ku samu wani babba ya shiga maganar, a kashe ta a gida.

Tsohon Akawun Kotu:
Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da wannan jarrabawa. Na yi shekaru ina riƙe da rajista a kotu kafin in yi ritaya, bari in warware miki yadda abin yake, don kar a yi ta kai ku ana kawo ku.

Ke kina ganin magana guda ce. A takarda magana uku ce. Akwai raunata mutum ba da gangan ba. Akwai tuƙi ba parmi ba asiransi. Akwai ƙwayar da aka samu a jikinsa. Yafewar ƴaƴan tsohuwa ta taɓa abu guda ne tak, wato haƙƙinsu na neman diyya. Laifin kansa ba nasu ba ne balle su yafe shi, na hukuma ne, kuma mai shigar da ƙara shi ke da ikon ya ajiye fayil ko ya tura gaba. Janye ƙara ba ya ɗaure masa hannu. Yana dai taimakawa ƙwarai in an zo yanke hukunci, don alƙali yana duba an kula da wanda aka ji wa ciwo ko an gudu an bar shi.

Tramol ɗin kuwa tsohuwa ba ta da ta cewa a kansa ko kaɗan. Dokarsa daban, ita ce doka mai lamba 99-42 ta ranar 23 ga Satumba 1999 kan yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Ko da bai buge kowa ba, a tsaye yake a bakin fada, wurin hirar samari, aka same shi da shi ba takardar likita, magana ta tashi.

Gwaggon Yara:
To Baba, ƙuruciyar fa? Ni na ɗauka wanda bai kai 18 ba ba a kai shi kaso.

Tsohon Akawun Kotu:
Nan mutane da yawa suke yin kuskure. Wanda doka ta ce ba a hukunta shi sam, shi ne yaron da bai kai shekara 13 ba. Daga 13 zuwa 18 ana tambaya ne: ya san abin da yake yi ko bai sani ba? In alƙali ya ga bai da wayon rarrabewa, sai a miƙa shi ga iyaye ko a ɗauki matakin tarbiyya. In ya ga da wayonsa ya yi, ana hukunta shi, sai dai a sassauta, a irin waɗannan laifuka ba ya wuce rabin abin da za a yanke wa babba. Saurayi ɗan 17 da ya iya ɗaga ƙafar babur a titi, da wuya a ce bai da wayo.

Abin da ƙuruciya ta ba shi shi ne alƙalin yara. Dokar 2014-72 ta Nuwamban 2014 ita ta tsara kotunan yara. Ba a yi masa shari'a a bainar jama'a, ana kiran iyaye, ana binciken gidan da ya fito da karatunsa, kuma yana da haƙƙin lauya. Ku nemi lauyan tun yanzu, kar ku jira ranar zama. Sannan ku kai takardar haihuwarsa ta asali yau ɗin nan, don shekarun da ake dubawa su ne na ranar da abin ya faru.

Mushen Lakwal:
Baba ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Maganar takardar haihuwa. Mu a lakwal mun saba ganin an rage wa yaro shekara don ya samu yin jarrabawa. Yanzu kuma sabon salo ya shigo, ana ƙara wa yaro shekara don ya samu parmi ya kama tuƙin adaidaita. Na san wani ɗalibina da aka yi wa haka, ɗan 16 aka mai da shi ɗan 19. Ranar da ya yi hatsari, uban ya zo yana rantsuwa yaro ne ƙarami. Aka ɗauko takardar da shi uban ya je ya yi da ƙafarsa aka ajiye masa a gaba. Bakinsa ya mutu. In ya ce ta ƙarya ce, ya tona wa kansa asiri, in ya ce ta gaskiya ce, ɗansa ya tafi layin manya.

Ɗan Kabu-kabu:
Ni fa ku yi haƙuri, zan faɗi abin da ba a so. Kowa ya taso sai tramol tramol, kamar yaran nan ne suke ƙera shi. Daga ina yake shigowa? Yaro ɗan unguwar Kara-Kara ne yake da jirgin ruwan da ke kawo shi daga Indiya? Mai teburin da ke saida shi a bakin tasha kowa ya san shi, da rana tsaka yake ciniki. Amma kullum wanda ake kamawa shi ne mai ƙwaya bakwai a aljihu.

Kuma ku da kuke zaune a ofis da fanka, ba ku san abin da ake nufi da wuni bisa babur a watan Afrilu ba. Daga asuba zuwa sha ɗayan dare, mai babur yana jiran balas ɗinsa ko ka samu ko ba ka samu ba. Wasu ba don maye suke sha ba, don bayansu ya daina ciwo ne.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ƙanena, ciwon bayan gaskiya ne, ban musa maka ba. Amma bari in gaya maka abin da nake gani da idona. Tramadol na asibiti miligiram 50 ne ko 100, kuma ko babban mutum mai ciwo ba a son ya wuce 400 a wuni guda. Wanda ake saidawa a tebur akwai mai 200, akwai mai 225, har 250. Yaron Gwaggo uku ya ɓalle. In mai 225 ne, lissafa da kanka. Kuma abin da ba a gaya muku shi ne yana kawo farfaɗiya. Mutum yana tafiya lafiya lau sai jiki ya sandare, ido ya juye. In a kan tabarma ne, da sauƙi. In a kan babur ne da fasinja a baya fa? Mun sha karɓar wanda ba birki ko ɗaya a wurin da ya faɗi, don lokacin da ya bar titi ba ya cikin hayyacinsa. Wasu kuma su haɗa shi da diyazefam ko su kora da giya, numfashi ya yi ƙasa, a kawo mana su kamar gawa.

Ɗan Kabu-kabu:
Anti ban ce yana da kyau ba. Cewa na yi a fara daga sama.

Tsohon Akawun Kotu:
A wannan kana da gaskiya rabi. Dokar ta bambanta mai sha da mai saidawa, hukuncin mai fatauci ya fi nauyi nesa ba kusa ba, kuma akwai OCRTIS, hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, da aka kafa musamman don manyan masu fataucin. Amma ga tarkon da yara ba su sani ba. A fada sai a haɗa kuɗi a aiki ƙaramin cikinsu ya sayo wa kowa. In an tare shi da kati biyar ko shida, shi a ransa ɗan aike ne, a takarda kuwa ya fara kama da mai rarrabawa. Ko kyauta ka miƙa wa abokinka, ka ba da ƙwaya ke nan. Shi ya sa Hajiya, tambayar da za a matsa wa yaronku ita ce wa ya ba shi, kuma shi ya ba wa. Lauya ya zauna da shi kafin ya amsa, kuma kar a koya masa ƙarya, alƙalan nan sun ji irinta dubu.

Hajiyar Sabon Gari:
Ni tambayata ɗaya ce, kuma Gwaggo ki yi haƙuri. Wa ya ba shi makulli?

Gwaggon Yara:
Hajiya kin taɓa ni a inda ya dace. Ba zan ɓoye ba. Tun yana ɗan 14 uban yake aikensa da babur ɗin. Lokacin zafi in famfo ya ɗauke, shi ke ɗaura jarka huɗu ya tafi neman ruwa da dare. Shi ke kai ƙannensa lakwal, shi ke sayo mai wurin ƴan ruwa-ruwa. Har yabonsa ake yi wai ya fi uban iya tuƙi. Makullin a ƙusa yake rataye a zaure, ba wanda ya taɓa cewa kar ya ɗauka.

Hajiyar Sabon Gari:
To kin gani. Ba ku kaɗai ba ne, har gidana haka ake. Mu ne muke ɗora su tun ƙafarsu ba ta kai ƙasa ba don sun rage mana wahala, ranar da abu ya faru kuma mu ce yaro ne. Da yana kawo ruwa ba wanda ya tuna yaro ne.

Mai Aikin Asiransi:
Maganar makullin nan ba ta tarbiyya kaɗai ba ce, ta kuɗi ce. A dokar farar hula, uba da uwa su ke ɗaukar ɓarnar da ɗansu ƙarami ya yi muddin yana zaune a gidansu. Ga shi kuma uban shi ne mai babur. Ta ko'ina aka biyo, a kansa take sauka.

Da asiransin yana da rai, da abin ya zo da sauƙi ta gefen tsohuwa. Nijar tana cikin ƙasashen da ke bin dokar asiransi ta CIMA, wato ƙungiyar asiransi ta wasu ƙasashen Afirka, kuma a ƙarƙashinta kamfani ba zai ce wa wanda aka buge ba zan biya ki ba don direba ba shi da parmi. Zai biya ta, sannan ya juyo ya bi wanda ya jawo abin ya karɓi kuɗinsa. Wato ko da asiransi, uban da ya ba ɗan 17 makulli bai tsira ba, sai dai tsohuwa ta samu magani a kan lokaci. Yanzu da ba asiransi, komai daga aljihunsa. Karayar cinya a jikin tsohuwa kuma ba ta mako biyu ba ce, sau da yawa sai an yi aiki an sa ƙarfe.

Shawarata, duk abin da kuka kashe ku riƙe rasit. Hoto, magani, kuɗin adaidaitar da ke kai ta, har abincin da kuke kaiwa ku rubuta. Yafewar nan kuma a sa ta a takarda da shaidu. Yau babban ɗa ya yafe. Wata uku nan gaba in ƙafa ta ƙi haɗuwa, wani ɗan da ke Agadas ko Libiya ya dawo ya ce shi ba a yi da shi ba.

Almajirin Malam:
Ko a addini ma ai haka ne, haƙƙin wanda aka raunata daban, laifin shan abin maye daban. Don dai nan ba Kano ba ne, can bulala 80 ce a kan giya a dokar shari'arsu.

Direban Hanyar Kano:
Malam ka tuna mini. Yaran da ke bin hanyar Matamaye su tsallaka Daura da babur, su sani in an kama su da kaya a can, hannun NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Najeriya, za su faɗa, kuma ba wanda zai tsaya jin wai kai ɗan Damagaram ne baƙo. Maganin tari mai kodin ma tun 2018 Najeriya ta hana shigo da shi da haɗa shi. Na taɓa ɗaukar wani yaro da kwalba biyu a cikin buhun barkono, ban sani ba sai a shingen bincike. Wuni guda muka yi a wurin ni da fasinja goma sha takwas, har da mai jego.

Ɗan Garin Malam:
Ni har yanzu ina kan bakana. Duk wannan dogon turanci ne. A samu wanda ya san wani, a ba da na goro, yaro ya kwana gida.

Mai Zaure:
Ɗan Garin Malam, ba a ba da irin wannan shawara a zauren nan. Ka sake, in cire ka.

Tsohon Akawun Kotu:
Bar shi Mai Zaure, gara a amsa masa. Ɗana, ba da na goro ga ma'aikaci laifi ne mai zaman kansa, mai bayarwa da mai karɓa duka. Sannan akwai ƴan tsakiya da ke yawo a bakin kotu, su ce sun san alƙali, su karɓi jika 100 ko 200 su ɓace, alƙalin bai ma san da zamansu ba. Tsarewar ƴan sanda tana da iyaka, awa 48 ce, ana iya ƙarawa da izinin mai shigar da ƙara, a shari'ar ƙwaya kuma takan fi haka tsawo. Tunda fayil ya riga ya wuce, kuɗin da za a ba ɗan tsakiya a ba lauya da mai magani.

Ɗan Zango a Amurka:
Ina ta karantawa daga nan, bari in ba ku yadda abin yake a inda nake, ko don kwatance. Nan ba a saida wa mutum giya sai ya kai 21, tun dokar 1984. Babba in yana tuƙi, ma'aunin giya a jininsa kar ya kai 0.08. Wanda bai kai 21 ba kuwa, a kowace jiha iyakarsa 0.02 ce ko ƙasa da haka, wato kusan ko kurɓa ɗaya. Ba sai ya buge kowa ba. A tsayar da shi, ya hura na'ura, a karɓe lasin. In ya ƙi hurawa ma a karɓe. Bayan haka ga tara, ga ajin dole, kuɗin asiransinsa kuma ya yi tsalle na shekaru. 

Abin da na lura shi ne nan lasin shi ne abin tsoro, don in ba shi ba zuwa aiki. A gida kuwa me za a karɓe wa yaron da tun farko bai da parmi?

Mushen Lakwal:
Akwai abin da ake karɓe masa, sai dai ba ya gani sai daga baya. Kasiye, wato takardar kotu da ke nuna ko an taɓa yanke wa mutum hukunci. Ina magana kan waɗanda suka haura 18 ko da wata ɗaya ne, don su ne suka fi yawa a rakiyar amarya. Duk kwankur ɗin da za ka shiga, wato jarrabawar neman aiki, ɗan sanda, jandarma, duwan, aikin gwamnati, sai an ce ka kawo kasiye wanda bai wuce wata uku ba. Masu kaki kuma har unguwa ake zuwa binciken hali. Yaro ya yi wata biyu a kaso yana ɗan 19, ya fito a yi masa barka, kowa ya manta. Yana ɗan 24 ya gama jami'a ya je neman takarda, abin ya fito masa kamar jiya aka yi.

Ɗan Kabu-kabu:
Mushe wannan ta shige ni. Ƙanena yana son shiga jandarma, kuma tare muke fita aiki da dare.

Ma'aikaciyar Jinya:
To ka san abin da za ka gaya masa. Gwaggo, ke kuma ga wata. In yaron ya saba sha kullum, kwanakin nan da ya yi a tsare ba ya samu, jikinsa zai nuna: zufa, hamma, ciwon gaɓoɓi, zawo, rashin barci, baƙin rai. Kar ku ce aljanu ne ko sammu. Ku gaya wa lauya, a nemi likita ya duba shi, kuma a sa a cikin fayil. Alƙalin yara yana iya haɗawa da umarnin magani. In ya fito kuma kar a ɗaure shi da mari a gidan wani malami, a kai shi ɓangaren masu kula da ƙwaƙwalwa, a rage masa a hankali.

Hajiyar Sabon Gari:
Ni dai na cire makullin gidana daga ƙusa tun ɗazu, yana cikin lalitata. Mai gidan ya dawo yana ta faɗa wai wa zai sayo gawayi.

Gwaggon Yara:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Ga inda aka kwana. Mun kai takardar haihuwa, Allah ya taimaka ta asali ce ba a taɓa ta ba. Mun samu lauya. Yau da safe aka kai shi gaban alƙalin yara, ya yi masa tambayoyi ya kuma kira uban ciki shi kaɗai. Ban san me aka faɗa masa ba, amma da ya fito bai iya kallon kowa ba. An ba mu yaron a hannun uban kafin ranar zama, da sharaɗin a kawo shi duk lokacin da aka kira, a kuma kai shi wurin likita. Ya amsa cewa ya kai wata takwas yana sha, mu muna gida ɗaya ba mu sani ba. Babur yana furiyar, inda hukuma ke ajiye ababen hawan da aka kama, har yanzu.

Tsohuwa an ce sai an yi mata aiki. Ƙanena ya sa ragunansa biyu a kasuwa. Takardar yafewa za a rubuta gobe bayan la'asar a gaban mai unguwa. In akwai wanda ke da keken guragu da ba ya amfani da shi, a ara mana na wata biyu ko uku, don ɗakinta da bayan gida akwai ɗan nisa.

Ɗan Kabu-kabu:
Akwai na marigayi kakanmu, taya ɗaya ce ta sace. Zan kai a yi mata faci in kawo miki da safe, Gwaggo. Turo mini kwatancen gidan ta akwatin sirri.